Seestar S50 a sararin Sakkwato: bin tauraron da ya fashe cikin gas ɗinsa

Seestar S50 na'urar hangen taurari ce da kamfanin ZWO na ƙasar Sin ya fitar a 2023 kan dala 499. Yawancin masu sayenta hotunan sararin samaniya masu launi suke nema don su ɗora a Facebook, kuma tana yin wannan aikin ba laifi. Mu da wani ma'auni daban muka auna ta: mutumin da ke zaune a Arkilla ko Mabera ko Dundaye zai iya bin hasken tauraron da ya fashe da ita, dare bayan dare, har ya fitar da lambobin da masana za su karɓa? Zai iya, amma da sharuɗɗa, kuma gara mai saye ya san su tun kafin ya tura kuɗinsa.

Abin da ake son a kama

Tauraron da nauyinsa ya ninka na rana sau takwas ko fiye yakan ƙare ne da ruftawar cibiyarsa. In ƙarfe ya taru a tsakiya, abin ƙonawa ya ƙare, cibiyar takan rufta cikin ƙasa da sakan guda, sauran jikin kuma a watso shi waje da gudun kimanin kilomita 10,000 a sakan. Wannan ita ce sufanoba. Duk da tsananin haskenta, kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfin tarkacen ne kawai ke komawa hasken da ake gani. Sauran yana nan a matsayin gudu, tarkacen na ta faɗaɗa cikin sarari ba abin da ya tare shi.

Lissafin yakan sauya in tauraron ya zubar da gas mai kauri a kewayensa kafin ajalinsa. Wannan gas tafiyar hawainiya yake yi: kilomita 10 zuwa 50 a sakan in daga jan ƙaton tauraro ya fito, ɗari ko 'yan ɗaruruwa in daga shuɗin ƙato ne mai yawan aman gas. Tarkacen fashewa ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, don haka dole ya cim masa. A wurin karon, igiyar bugu biyu ke tashi. Ɗaya takan yi gaba cikin gas ɗin tana dafa shi har zafi ya kai ɗaruruwan miliyoyin digiri, ɗayar kuma ta juyo baya cikin tarkacen tana rage masa gudu. A tsakaninsu wani siririn ɓawo mai kauri yake taruwa yana ƙara nauyi, kamar bangon ƙurar da guguwar farkon damina ke turowa a gabanta in ta taso daga gabas. A wannan ɓawon ne gudu ke komawa zafi, zafi ya koma haske, har da eksire da igiyar rediyo. Ƙarfin hasken ya dogara da kaurin gas ɗin da kuma gudun igiyar, kuma gudun ya fi tasiri ƙwarai: in ya ninka sau biyu, hasken yakan ninka sau takwas. Inda gas ya yi kauri sosai, maimakon kashi 1, kashi goma-goma na ƙarfin fashewar ke fitowa a haske. SN 2006gy da ta fashe a galaksin NGC 1260 (galaksi babban tarin taurari ne) misali ce: ta ɗauki kusan kwana 70 tana hawa, kuma daga nisan shekarun haske kimanin miliyan 240 ta kai mataki na 14 a ma'aunin hasken taurari, inda ƙaramar lamba ita ce mai haske.

Babbar shaidar masana tana cikin bakan haske, wato hasken da aka tsaga launi-launi. Gas ɗin da bugun bai riga ya isa gare shi ba yakan sha hasken ultarabayolet daga wurin karon, ya mayar da shi a siraran layuka, musamman jan layin haidirojin da ke nanomita 656.3. Saboda gas ɗin a hankali yake tafiya, layin siriri ne, alhali layukan tarkace mai gudu faffaɗa ne. A 1990 Eric Schlegel ya ware irin waɗannan fashewar a rukuni guda, IIn. Daga baya aka gano cewa ko sufanoba ta yau da kullum takan nuna siraran layukan nan a kwanakinta na farko, sannan su ɓace.

Dalilin ɓacewarsu ɗan lissafi ne da ya kamata kowane mai wannan na'ura ya riƙe a kai. Tarkace mai gudun kilomita 10,000 a sakan yana cin kilomita miliyan 864 a yini, kusan sau shida na nisan da ke tsakaninmu da rana. Gas mai kaurin da ake gani a irin waɗannan taurari yawanci bai wuce kilomita biliyan 10 daga tauraron ba. Tarkacen zai ratsa shi cikin kwana 11 zuwa 12. Shi kuwa gas ɗin, a gudun kilomita 50 a sakan, shekara shida da 'yan watanni ya ɗauka kafin ya kai can. Wato tarihin shekarun ƙarshe na rayuwar tauraro, abin da ba kasafai ake kallo kai tsaye ba, ana karanta shi ne cikin mako ɗaya ko biyu, daga nan an share shi har abada. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma a nan ne ƙaramar na'ura da ke kusa da hannu take da daraja.

Dubi SN 2023ixf. Koichi Itagaki, ɗan Japan mai farautar sufanoba, ya gano ta ranar 19 ga Mayu 2023 a galaksin M101, mai nisan shekarun haske kimanin miliyan 21, tana mataki na 14.9. Cikin 'yan kwanaki ta kai mataki na 11, wato haskenta ya ninka kusan sau 36, domin kowane mataki guda ninki 2.5 ne, kuma ƙaramar lamba ita ce mai haske. Siraran layukan haidirojin da hiliyam da naitirojin da kabon sun yi kimanin mako guda kafin su dushe, kuma an ƙiyasta cewa a shekarunsa na ƙarshe tauraron yana zubar da kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin rana kowace shekara. Da aka koma baya aka binciki hotunan masu sha'awar kallon sama, an gano haskenta na farko ya iso duniya ne wajen ƙarfe 7 na yammacin 18 ga Mayu a agogon Najeriya, kusan yini guda kafin a gano ta. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2024 ya yi amfani da irin waɗannan hotuna, ya nuna launinta ya tashi daga ja zuwa shuɗi a sa'o'in farko yayin da hasken ke cinye ƙurar da ta kewaye tauraron. A daren nan babu farin wata, kuma M101 tana saman Sakkwato tun bayan isha'i, ta kai ƙololuwarta wajen ƙarfe 11 a digiri 49 sama da arewa. Duk wanda ya nuna ƙaramar na'ura can a daren, da ya riƙe abin da manyan cibiyoyi suka bi suna nema. A sa'o'in farkon ta yi dushi-dushin da S50 za ta sha wuya kafin ta kama ta, amma ko hoton da ya nuna babu komai a wurin a wata sa'a sananniya yana taimakawa wajen tsayar da lokacin fashewa.

Na'urar kanta

Nauyinta kilo 2.5 ne, tana zuwa cikin jakar soso tare da 'yar ƙafa uku da matacin kallon rana da wayar caji. Gilashinta na gaba milimita 50 ne a faɗi, jeri uku, da tsawon tattara haske milimita 250. Idon kyamarar Sony IMX462 ne mai launi, fiksel 1920 a 1080, kowane fiksel yana ɗaukar sakan-kusurwa 2.4 na sama, wato kashi 2.4 cikin 3,600 na digiri guda. Filin da take gani kimanin digiri 1.3 ne a 0.7, ya isa ya ɗauki cikakken wata da sauran wuri, ya kuma ɗauki M101 gaba ɗayanta da taurarin gwaji masu yawa a gefe. A ciki akwai batir 6,000 mAh, ma'ajiya GB 64, injin daidaita gani, ɗan hita na korar raɓa, da matatan haske da take juyawa da kanta. Babu wurin sa ido. Komai ta manhajar waya ake yi, kuma manhajar ba ta jin Hausa.

Kafa ta ba wuya. Ka ɗaura ta a ƙafar, ka danna maɓalli, ka haɗa wayarka da Wi-Fi ɗinta, ka daidaita ta har da'irori biyu da ke kan allo su haɗe. In ka zaɓi M101 sai hannun ya ɗaga a hankali da ɗan kuka kamar na injin aski, ya tsaya, ta ɗauki hoto, ta gwada taurarin da taswirar da ke cikinta, ta gyara zama. Hoton farko na sakan 10 toka-toka ne da 'yan ɗigo. Bayan minti biyar hannuwan galaksin sun fara fitowa. Sufanoba mai mataki 11 ko 12 kuwa tun a hoton farko take bayyana, ɗigo guda mai kaifi a inda taswira ba ta da tauraro. Wannan sauƙin shi ne babban abin yabonta, domin aikin bin sufanoba na mai iya fitowa kullum ne, kuma na'urar da ke cin awa guda kafin ta shirya ba a fito da ita kullum.

Abin da ba za ta yi ba, gara a faɗe shi ƙarara: ba za ta nuna maka siraran layukan ba. Tana da matacin da ke barin jan layin haidirojin da koren layin oksijin su wuce, sai wasu su ɗauka da shi za su ga gas ɗin da ke kewaye da sufanoba. Faɗin ƙofar ja ta matacin nanomita 20 ne, daidai da gudun kilomita 4,600 a sakan ta kowane gefe. Layin gas mai gudun kilomita 100 a sakan faɗinsa nanomita 0.2 ne kacal. A cikin wannan ƙofa siririn layi da faffaɗa da sauran hasken duk sun cakuɗe. Raba su aikin na'urar tsaga haske ne a kan madubi babba. Haka nan ba za ta nuna siffar ɓawon ba. Zoben gas ɗin SN 1987A, wanda tarkace ya fara kunna masa wuta ɗigo-ɗigo a tsakiyar shekarun 1990, bai kai faɗin fiksel guda na S50 ba, kuma daga Sakkwato bai fi digiri 8 sama da ƙasa ba. Aikin S50 awon haske ne da launi, kuma a iya wannan ya kamata a yi mata hukunci.

A awon haske tana da kyau tsakanin mataki na 10 da na 14. Tauraron da ya fi mataki na 9 haske yakan cika fiksel har ya tumbatsa a hoton sakan 10, lambar ta zama ƙarya. Ƙasa da 14 kuma sai an tara hotuna da yawa, kuskure na ƙaruwa, ko da yake a wuri mai duhu da tarin rabin awa ana hango mataki na 16. Ke nan yawancin sufanoba na rukunin IIn sun fi ƙarfinta, don suna da nisa, kuma dama ba su kai kashi 10 cikin 100 na fashewar manyan taurari ba. Waɗanda ke shigowa hannunta 'yan kaɗan ne a shekara. Amma su ne dai waɗanda duniya ta fi damuwa da su: SN 2010jl da ta kai wajen mataki na 13 ta yi shekaru tana dushewa a hankali saboda karon bai tsaya ba, SN 2009ip a NGC 7259, tauraron da ya yi ta aman gas tun 2009, sannan a ƙarshen Satumba 2012 haskensa ya yi tsalle da sabon tarkace ya afka wa wanda ya riga shi fita, da sufanoba ta yau da kullum SN 2024ggi da shirin ATLAS ya gano ranar 11 ga Afrilu 2024 a NGC 3621, wadda siraran layukanta suka ɓace cikin 'yan kwanaki.

A nan Sakkwato ke da rabo na musamman. Garin yana digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. M101 ta arewa tana hawa digiri 49, NGC 3621 ta kudu tana hawa digiri 44, NGC 7259 kusan 48. Mai kallo a Landan NGC 3621 ba ta wuce masa digiri 6 ba, tamkar babu. Mu kuwa daga soro guda muna cin arewa da kudu. Kuma a Afirka ta Yamma dare ne a sa'o'in da gari ke waye wa Japan da Sin, kafin duhu ya shiga a Chile da Amurka.

Yadda ake fitar da lambar da za a karɓa

Kafin komai, shiga saitin manhaja ka kunna ajiye kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. In ba ka kunna ba, tararren hoto guda kawai za ta bar maka, ba ka da ikon zubar da munana. Kowane fayil ɗin FITS kimanin MB 4 ne, awa guda na cin sama da GB 1, saboda haka a riƙa kwashewa zuwa kwamfuta. Sai ka tabbatar matacin layi biyun nan a kashe yake. In galaksi ka zaɓa takan kashe shi da kanta, amma in ka shigar da lambobin wuri da hannu ka duba da idonka. Ka bar tsawon hoto a sakan 10, ka daidaita gani a farko, ka sake bayan awa guda don sanyin dare yana motsa shi. Sabbin fashewa ana sanar da su a shafin Transient Name Server na ƙungiyar masana taurari ta duniya, taswirar taurarin gwaji masu sanannen haske kuma daga ƙungiyar AAVSO ake saukewa kyauta.

A kwamfuta, manhajar ASTAP ko Siril, duka kyauta, za su jera hotuna 30 zuwa 60 su haɗa su wuri guda. Kada a ja hasken hoton don ya yi kyau, kada a goge masa tsaki, wato ɗigo-ɗigon da ba na taurari ba, kuma kada a taɓa yin awo da hoton JPEG da waya ke nunawa, domin an riga an murɗe dangantakar haske da lamba a cikinsa. Sai a ware koren sashe, don shi ya fi kusa da ma'aunin V na masana, a kewaye sufanobar da da'ira mai faɗin kusan ninki biyu na ɗigon tauraro, da zobe a waje don auna hasken bango, a yi wa taurarin gwaji uku zuwa biyar haka nan. AAVSO tana karɓar wannan awo da alamar TG, shuɗi TB, ja TR. Mai kula yana samun daidaito na 0.05 zuwa 0.1 na mataki. A rubuta lokacin tsakiyar tarin hotunan a agogon duniya, wanda ke bayan na Najeriya da awa guda. Kuskuren awa guda ba komai ba ne ga sufanoba mai wata uku, amma a daren farko, lokacin da haske ke ninkawa cikin sa'o'i, ya isa ya lalata awon.

Zoben bangon nan shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Sufanoba a kan hasken galaksinta take zaune. SN 2023ixf tana dab da wani dunƙulen gas mai haske, NGC 5461. Lokacin da take mataki na 11 dunƙulen bai dame ta ba, amma da ta dushe, duk wanda zobensa ya hau kansa zai cire hasken da ya wuce kima. A tsayar da girman da'ira da zobe tun daren farko, kada a riƙa sauyawa. In kuwa fashewar a cibiyar galaksi take, kamar SN 2006gy da ke kimanin sakan-kusurwa guda daga cibiya, S50 ba ta iya raba su, a bar wa manya.

Me lambobin za su gaya maka game da gas ɗin? Hawa mai sauri da ƙarin haske a makon farko, tare da shuɗin launi, alamar gas mai kauri ce dab da tauraron. Sufanoba irin ta jan ƙato takan tsaya kusan wuri guda na kimanin kwana 100, ta faɗi, sannan ta bi saurin ruɓewar kobalt-56, sinadarin da ke ba tarkacen wuta, wato kusan mataki guda a kowane kwana 100. In awonka ya nuna tana dushewa a hankali fiye da haka, ko ta sake ɗagowa, to akwai wata wutar ban da kobalt, kuma sau da yawa tarkace ne ya iske wani sabon ɓawon gas da tauraron ya zubar shekaru aru-aru da suka wuce. SN 2014C a NGC 7331 ta fara ne ba alamar haidirojin, kafin shekara ta zagayo ta afka wa ɓawonsa, kamanninta suka sauya.

Inda Sakkwato ke ba ta wuya

Na farko juyawar fili. Na'urar tana bin sama ne ta hawa-sauka da dama-hagu, don haka hoton yana juyawa a hankali, kuma abin ya fi tsanani kusa da tsakiyar duniya. A Sakkwato, in M101 tana ƙololuwa, filin yana juya digiri 22 a awa. A sakan 10 tauraron da ke bakin hoto yana jan fiksel guda, a sakan 30 fiksel uku. Shi ya sa muka ce a tsaya a 10, a sa sufanobar a tsakiya, a zaɓi taurarin gwaji na kusa da ita. Abin da ke gabas ko yamma sosai ba ya juyawa haka. Wanda ya haura digiri 80 kuma na'urar kan yi ta zubar da hotunansa. Kamfanin ya ƙara tsarin karkata ta ta bi sandar da duniya ke juyawa a kai, wanda ke kawar da matsalar, amma a digiri 13 sai an kwantar da ita kusan a gicciye, digiri 77 daga tsaye. 'Yar ƙafarta ba za ta riƙe wannan ba. Sai ƙafa mai nauyi da kai mai karkata, ƙafa ɗaya ta fuskanci inda nauyin ya rinjaya, a rataya buhun yashi a tsakiya.

Ita 'yar ƙafar ma ba ta kai gwiwa ba, katangun gidajenmu kuwa dogaye ne. A tsakar gida za ka rasa duk abin da ke ƙasa da digiri 40 ko 50. Sai bene ko dogon teburi mai ƙarfi, ko ƙafar kyamara mai kusar inci 3/8. A kan dakin, rodin da ke cikin siminti yakan rikita kamfas ɗinta ta nufi wani wuri dabam. A gyara kamfas ɗin nesa da ƙarfe da tankin ruwa. Kwanon rufi da simintin da suka sha rana suna fitar da zafi har tsakar dare, taurari su yi ta rawa a hoto, don haka kada a nuna ta ta saman rufin da ke kusa. Girgizar janareta ma tana bin bene ta ɓata hoto.

Sai zafi. Kamfanin ya ba ta iyakar digiri 40, Sakkwato kuwa a Afrilu da Mayu rana kan wuce haka, dare ma ya kwana kusa da 30. Idon kyamarar ba shi da na'urar sanyaya, kuma tsakin da zafi ke haifarwa yana ninkawa da kowane ƙarin digiri shida ko bakwai. Takan ɗauki baƙin hoto, wato hoton da haske bai shiga ba, da kanta a farkon aiki don cire wannan tsakin, amma in ka fito da ita daga ɗaki mai sanyi ka fara nan take, baƙin hoton ba zai dace da zafin da za ta yi daga baya ba, sai ɗigo ja da kore su cika hoton. A bar ta minti 20 a waje tukuna. Kada a bar ta cikin mota da rana. Batirin da aka ce yana awa shida, a sa ran huɗu zuwa biyar, ƙasa da haka in hita na kunne. Fawa banki mai 10,000 mAh ta USB-C yana kai ta asuba. A rani hitar ba ta da amfani, a kashe. A Oktoba, musamman kusa da fadamar Rima, raɓa na sauka, a kunna.

Hazo shi ne babban abokin gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, kuma a dare mai kauri takan cinye fiye da mataki guda na haske ko a tsakiyar sama, ninki biyu a digiri 30. Tun da sufanoba da taurarin gwaji a hoto ɗaya suke, yawancin asarar tana soke kanta. Abin da ba ya sokewa shi ne launi da ƙarin tsaki, domin ƙurar tana mayar da hasken fitilun gari ƙasa, bangon sama ya yi fari. A irin wannan dare a ninka yawan hotuna, a tsaya sama da digiri 40, a zaɓi taurarin gwaji masu launi kusa da na sufanobar. In ka haska gilashin da tocila daga gefe bayan awa biyu a hunturu za ka ga farin gari ya kwanta a kai. Kada a sa tsumma ko bakin riga, ƙurar tana karce rufin gilashin. A hure da 'yar robar hura iska, a rufe hannun da zarar an gama, a ajiye cikin jakarta. Mafi kyawun darare su ne na kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, da kuma daren da ya biyo bayan ruwan sama a damina. Tun da abin da ake aunawa ɗigo ne mai haske, ba sai an fita daji da dare ba. Bene a gefen gari, inda fitilar titi ba ta dukan gilashi kai tsaye, ya wadatar, kuma ya fi kwanciyar hankali.

A dararen da babu sabuwar fashewa, a nan matacin layi biyun ke biyan kuɗinsa, domin ragowar tsoffin fashewa suna nuna karon da ido. Veil, mai nisan shekarun haske kimanin 2,400, tana hawa sosai da yamma a kaka. Rabin awa a kan NGC 6992 zai fito da zare-zaren ja na haidirojin da kore-shuɗi na oksijin, kowane zare gefen igiyar bugu ne inda ta iske gas ta matse shi. IC 443 a hunturu take fitowa, kuma gefenta na arewa maso gabas ya fi haske don a can bugun ya gamu da gas mai kauri. Tana son awa guda ko fiye. Eta Carinae, wanda a 1843 ya zama na biyu a haske a taurarin dare yayin da yake amayar da gas mai nauyin rana goma ko fiye, yana hawa digiri 17 a kudu daga Fabrairu zuwa Afrilu. Irinsa ne ake zaton ke haifar da manyan IIn. S50 za ta nuna gajimaren da ke kewaye da shi, shi kansa tauraron zai tumbatsa. Ga malamin kimiyya a sakandare ko ɗaliban fiziks na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, waɗannan ukun darasi ne cikakke.

Game da saye, a kan farashinta sai a ƙara kuɗin jigila da na kwastan, kuma batirin da ke cikinta yakan sa wasu masu jigila su ƙi ɗauka ta jirgi, don haka a tambaya tun da wuri. A rufe take, ba abin da mai gyaran waya zai yi mata in injin ya tsaya, sai a nemi mai sayarwa da ke ba da garanti a rubuce. Ƙanwarta S30 ta fi araha da sauƙin ɗauka, amma gilashin milimita 30 kashi 36 cikin 100 kawai yake tarawa na hasken da S50 ke tarawa, asarar fiye da mataki guda, kuma fiksel ɗinta ya fi faɗi a sama, abin da ke ƙara cakuɗa sufanoba da galaksinta. Don wannan aiki S50 ce zaɓi. Wanda ke da kwamfuta da haƙurin koyon ASTAP, da bene ko fili mai buɗaɗɗen sama, ya saya, ya haɗa da doguwar ƙafa da fawa banki da robar hura iska. Ya kuma zaɓi manyan galaksi na kusa guda goma, irin su M101, M51, M83, NGC 253 da NGC 6946, ya riƙa ba kowace minti goma a duk daren da sama ta buɗe yana ajiye fayilolin da kwanan watansu, ko da bai ga komai ba. NGC 6946 kaɗai an ga fashewa goma a cikinta daga 1917 zuwa 2017.